Adamu Ɗanmaraya Jos da Aikin Tsirkiya Ɗaya

Manyan makaɗan Hausa na ƙarni na ashirin galibinsu makaɗan ƙungiya ne. Mamman Shata ba ya fita sai da masu kalangu da 'yan amshi da sanƙira, Musa Ɗanƙwairo yana tafe da masu kotso, Sarkin Taushin Katsina kuwa sarautarsa ma daga abin kiɗan ƙungiyarsa ta samo suna. A irin wannan tsari an raba aiki: wani ya riƙe kiɗa, wani ya karɓi gindin waƙa, jagora ya sami sararin numfashi da na tunanin ɗan da zai biyo baya. Adamu Ɗanmaraya Jos makaɗin kaɗaita ne. Shi kaɗai yake tsayawa gaban jama'a, riƙe da kuntigin da bai fi a zura shi cikin aljihun babbar riga ba, kuma duk ayyukan nan da aka rarraba wa mutane da yawa sun taru a hannuwansa biyu da maƙogwaronsa. Manazarta sun yi wa abin da bakinsa ya faɗa hidima gwargwado, ta fuskar jigo da salo da sarrafa harshe. Abin da hannunsa ya yi ne bai sami rabonsa ba, alhali a kansa waƙoƙin suka zauna.

Bukuru

An haife shi a Bukuru, kudu da Jos, a shekarar 1946. Garin a lokacin na kuza ne. Tun farkon ƙarnin kamfanonin Turawa suka kafa haƙar kuza a Filato, aka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya wadda ta iso Bukuru a 1914, mutane suka yi ta kwararowa neman kuɗin haraji da na aure. A tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, gwamnatin mulkin mallaka ta ƙara da aikin tilas, aka kwaso dubban talakawa daga lardunan Arewa aka zuba su a ramukan kuza, da yawansu sanyi da cuta suka hallaka su. Shekara biyu bayan wannan aka haifi Adamu. Al'ummar da ya buɗe ido a cikinta ta leburori ce da direbobi da 'yan kamasho da masu tuwon sayarwa da 'yan ci-rani, Bakano da Basakkwace da Babarbare da Bayarabe da Ibo, ga kuma Birom masu ƙasa, kowa da harshen gidansu, amma Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da tasha. Wannan Hausar, mai sauƙin kalma da gajeriyar jimla, ita ce ya yi waƙa da ita har ya tsufa. Wanda ya auna ta da ma'aunin Hausar Narambaɗa zai ce ba ta da zurfin azanci, sai dai ba a fada aka yi nufin a ji ta ba.

Mahaifinsa, Malam Wayya, makaɗi ne a gidan Sarkin Hausawan Bukuru. Ya rasu Adamu yana jariri, ba a daɗe ba mahaifiyar ma ta bi shi, sai Sarkin ya ɗauki yaron ya riƙe. Daga nan laƙabin ya fito, ya kuma danne sunan yanka har mutane da yawa ba su san shi da Adamu ba. Maraicin nan yana da wata ma'ana ta sana'a, ban da ta tausayi da aka fi ambato. A al'adar Hausa kiɗa gado ne, kuma ɗan makaɗi yakan gaji abin kiɗa a wurin ubansa, ya gaji taskar take da kirari, ya gaji ubangida. Adamu ya tashi a gidan ubangidan, ya ga yadda ake fadanci da yadda ake roƙo, amma wanda zai miƙa masa abin kiɗa, ya zaunar da shi cikin 'yan amshi shekara da shekaru har ya ƙware, ba ya raye. Saboda haka bai bi matakan da ɗan gado yake bi ba. Ya yi ta raɓar makaɗan gari yana saurare, har wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri tun bai balaga ba, inda makaɗan can suka burge shi, ya haɗa kuntigi da hannunsa. Bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Kuntigi da matsayinsa

Kuntigi shi ne ƙarami a dangin kayan kiɗan tsirkiya na Hausa, dangin da ya haɗa garaya da komo da molo da gurmi waɗanda ake kaɗawa, da goge da kukuma waɗanda ake gogawa. A da ɗan duma ake rufewa da fata. A zamanin Ɗanmaraya gwangwanin kifi mai siffar ƙwai ya maye gurbinsa: a rufe bakinsa da fatar akuya, a zura sanda, a ɗaura tsirkiya guda, a kan sandar kuma a maƙala ɗan ƙarfe mai zobba wanda ke ƙara amo idan ana kiɗa. Gwangwanin kansa shaida ne na zamaninsa, domin kayan kanti ne da ya zo da Turawa, aka cinye abin ciki aka yar, talaka ya tsinta ya mai da shi abin sana'a.

Ba abin kiɗa ne mai daraja ba a idon al'ada. Fada tana da tambari da kakaki da algaita da taushi da kotso da jauje, kowannensu da wanda ya cancanci a buga wa. Kayan tsirkiya kuwa sun daɗe da tabo: garaya ta mafarauta ce da 'yan bori, goge na dandali ne da gidajen shaƙatawa, malaman jihadi na ƙarni na sha tara kuma ba su sassauta wa kaɗe-kaɗen banza ba cikin rubuce-rubucensu. Kuntigi ko irin kwarjinin garaya ba shi da shi, don babu wata sana'a ko sarauta da ta ce nata ne. Ƙamus ɗin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka wallafa a 1971 ya nuna yadda yawancin kayan kiɗa suke ɗaure da wani rukuni na jama'a, mahauta da kalangu, maƙera da dundufa, sarakuna da tambari. Rashin irin wannan ɗauri ya zame wa Ɗanmaraya dama. Ba wanda zai ce ya keta al'ada idan ya juya kuntiginsa ga yaron mota yau, gobe ga soja, jibi ga matar da aka yi wa auren tilas.

Yadda hannun yake aiki

Kowace waƙa tasa tana da nata ɗan gajeren kari, wanda hannun dama yake maimaitawa da sauri, hannun hagu yana danna tsirkiya a jikin sanda don sauya sauti. Karin yana da hali biyu. Idan ya yi shiru da baki, karin yana dawowa daidai yadda aka fara shi, ba ragi ba ƙari, har mai sauraro ya gane waƙar tun kafin a furta kalma. Da zarar ya buɗe baki kuma, sai tsirkiyar ta bar tsayayyen karin, ta rinƙa bin muryar, ta hau inda ta hau, ta sauka inda ta sauka, amma ƙidayar bugun ba ta ɓacewa. Idan ɗan ya ƙare sai ta koma gida.

A nan ne ayyukan ƙungiya suka taru. Tsayayyen bugun shi ke yin aikin masu kalangu, wato riƙe awon da ake zuba gaɓoɓi a kansa. Dawowar karin tsakanin ɗa da ɗa shi ke yin aikin gindin waƙa a bakin 'yan amshi, ya ba makaɗi numfashi, ya kuma shaida wa mai sauraro cewa an rufe magana ɗaya za a buɗe wata. Bin muryar kuwa ya yi daidai da abin da mazhabar nazarin waƙar baka ta Sa'idu Muhammad Gusau take kira rakiya, sai dai a nan mai rakiyar tsirkiya ce. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, wannan rakiya tana da amfani fiye da ƙawa: tsirkiyar da ke bin hawa da saukar murya tana ƙara fito da kalma, ta sa a ji ta sarai ko a rediyo mai ƙarancin batir, ko cikin hayaniyar tasha. Mutum ɗaya ya yi duk wannan a lokaci guda, yana kuma sarrafa labari mai taurari da zance, aiki ne da sauƙin abin kiɗan yake ɓoyewa.

A kiɗan zamani na ƙungiya, abin da ke ɗauke da wannan nauyi shi ne jitar bes, mai tsirkiya huɗu da kaurin murya, wadda Leo Fender ya fito da samfurinta da ya yaɗu a duniya a 1951. Matsayinta tsakanin ganga da murya yake: tana riƙe awo tare da mai ganga, tana kuma shimfiɗa wa mawaƙi inda zai taka. Ta fuskar amo ita da kuntigi sun yi hannun riga, ɗaya a can ƙasa, ɗaya siriri a can sama. Ta fuskar aiki ne suka haɗu, kuma tarihin masu kaɗa ta yana da abin da zai amfani mai nazarin Ɗanmaraya.

Misali mafi kusa shi ne James Jamerson, baƙar fatar Amurka da aka haifa a 1936, wanda daga 1959 ya zama mai bes na kamfanin faifai na Motown a birnin Detroit. Da yatsa ɗaya na hannun dama yake kaɗa jitarsa. Kafin shi, yawancin masu bes a irin wannan kiɗa sauti biyu ko uku suke maimaitawa. Shi ne ya sa bes ta rinƙa tafiya tare da muryar mawaƙi, tana amsa ta, tana kewaye ta, ba tare da ta saki awo ba. Hannunsa yana cikin mafi yawan waƙoƙin da suka yi wa kamfanin suna a shekarun 1960, amma ba a rubuta sunayen makaɗan ɗakin ɗaukar murya a jikin faifai, sai a 1971 sunansa ya fito sosai a faifan Marvin Gaye mai suna What's Going On. Paul McCartney na ƙungiyar Beatles yana cikin waɗanda suka koyi salonsa daga nesa, tun ba su san sunan mai shi ba. Ya rasu a Los Angeles a 1983, aiki ya ja baya, lafiya ta ƙare. Abin da ya dawo da shi idon duniya shi ne aikin Allan Slutsky, wanda ya zauna ya rubuta abin da yatsan nan ya kaɗa, sauti bayan sauti, ya wallafa a 1989, ya kuma sa manyan masu bes suka sake kaɗa su don a ji su su kaɗai. Daga nan aka fara koyar da Jamerson a matsayin darasi. Ɗanmaraya bai taɓa rasa suna a jikin faifansa ba, kuma ya ci moriyar sana'arsa yana raye. Amma irin wannan aiki na ware abin da tsirkiya ta yi, a rubuta shi, a dube shi shi kaɗai, shi ne hannunsa yake jira.

Dangin nan na tsirkiya, ba don a yi nisa ba, yana da mai kaurin murya na kansa. A Tunis, zuriyar bayin da aka tsallaka da su hamada suna da bikin stambeli, wanda ya haɗa jini da bori, kuma har yau ana jin kalmomin Hausa da na Barbarci cikin waƙoƙinsa. Abin kiɗan da ke jan ragamarsa shi ne gumbri, mai tsirkiya uku da amo mai zurfi, da ƙarfe mai zobba a kan sanda irin na kuntigi. Shi ma ɗan gajeren kari yake maimaitawa, a kansa ake ɗora murya.

Waƙoƙin

Waƙar da ta fara fito da shi ita ce ta Karen Mota. Yabo ce, amma wanda aka yaba shi ne yaron da ke loda fasinja da kaya, ya cire taya, ya sa weji, ya tura mota idan ta mutu, mutumin da sunan sana'arsa ma zagi ne. Duk wanda ya tsaya a mararrabar Gujungu ta ƙasar Taura ranar kasuwa, ya ga yaran da ke maƙale a bayan manyan motoci masu nufar Haɗeja da Gumel da Kano, ya ga mutanen da aka yi waƙar dominsu. Makaɗan sana'a ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa, akwai na noma da na fawa da na ƙira da na dambe. Sabon abu a nan shi ne sana'ar ba ta gado ba ce, ba ta da sarki, ba ta da take, kuma mai yin ta ba shi da abin da zai ba maroƙi. Ɗanmaraya ya ɗauki sigar yabo, wadda aka gina don mai kyauta, ya ɗora ta a kan wanda ba shi da ko sisi. Saurin kuntigin ya dace da batun ƙwarai, don bugunsa yana da gaggawar tasha.

Da Yaƙin Basasa ya ɓarke a 1967, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi da dama har zuwa ƙarewarsa a 1970, cikinsu akwai siffanta fagen daga dalla-dalla. Waɗannan ne suka kai sunansa barikoki da gidajen gwamnati, suka kuma buɗe masa ƙofar zama makaɗin da hukuma take gayyata. Ba su ne mafi ƙarfi cikin ayyukansa ba, kuma yawancinsu sun tsufa tare da yaƙin.

Waɗanda ba su tsufa ba su ne na zamantakewa, musamman na aure. Jawabin Aure tana jera illolin saki, tana jan hankalin ma'aurata su sasanta. Auren Dole tana sukar iyayen da ke zaɓa wa 'yarsu miji ba da son ranta ba, kuma ya yi ta a lokacin da faɗin haka a bainar jama'a yake bukatar ƙarfin hali. Gulma-Wuya ta fi su gini: labarin wata magulmaciya ce a unguwa wadda ta haɗa baki da boka, suna shiga tsakanin mata da mazansu don abin da za su samu. A irin waɗannan waƙoƙi ba ya tsayawa wa'azi kurum, taurari yake kawowa, ya ba kowa bakinsa. Makaɗin ƙungiya da ke son yin haka yana da 'yan amshin da za su yi karɓeɓeniya da shi. Ɗanmaraya da tsirkiya yake raba muryoyin: ɗan gajeren komawa ga kari tsakanin maganar wannan da ta wancan ya isa mai sauraro ya san an sauya mai magana. Shi ya sa matanin waƙoƙin nan, idan aka rubuta shi a takarda kamar yadda ake yi a ratayen kundayen digiri, yakan zama kamar zube mai sauƙi, har mai karatu ya yi mamakin abin da ya sa suka yi tasiri. Rabin alamomin rubutunsu a kuntigi yake, kuma shi ne ba a kwafowa.

Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles yana cikin ƙalilan da suka bi ta wannan hanya, domin ya nazarci awon waƙoƙin Ɗanmaraya uku na aure, yana duba yadda gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi suke zama a kan bugun kiɗa. Irin wannan nazari yana nuna cewa abin da kunne yake ɗauka kamar hira ce kawai da aka sa wa kiɗa, a zahiri magana ce awonniya, kuma ma'auninta a hannun dama yake.

Shahara da abin da ya biyo baya

Rediyo da faifan garmaho, daga baya kaset, su suka yaɗa shi, kuma kaɗaitarsa ta taimaka: makirfo ɗaya ya ishe shi, kujerar mota ɗaya ta ishe shi tafiya, ba ya bukatar ciyar da ayari. Ya wakilci Nijeriya a ƙasashen waje, ya sami lambobin girmamawa na ƙasa, MON da OON, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin dakta na girmamawa. A Jos ya ci gaba da zama, har cikin shekarun da rikice-rikicen da suka faro a 2001 suka raba garin unguwa-unguwa, suka rushe irin cuɗanyar da ta haifi Hausarsa da taurarinsa. A nan ya rasu ranar Asabar 20 ga Yuni, 2015, cikin kwanakin farko na azumi, bayan jinya.

Tasirinsa ta fuskar jigo a bayyane yake. Waƙar faɗakarwa da ke ɗaukar talaka a matsayin tauraro, ta kawo zance tsakanin miji da mata ko mai akwai da mai babu, ta zama ruwan dare a bakin mawaƙan zamani, ko sun san daga inda ta biyo ko ba su sani ba. Ta fuskar hannu lamarin ya sha bamban. Ƙarninsa ya cika da gwanayen tsirkiya, Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa, Garba Supa da Ahmadu Doka da kukumarsu, kowanne ana gane shi daga bugun farko. Daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da waƙoƙin finafinan Kano suka mamaye kasuwa, kiɗan Hausa na yayi ya koma kan fiyano ta Yamaha da kwamfutar situdiyo. A can ma akwai kari mai maimaita kansa, akwai ma sautin bes a ƙarƙashinsa, sai dai na'ura ce take juya shi, kuma a yawancin waƙoƙin yadda aka ɗora shi a farko haka zai kai ƙarshe. Hali na farko na kuntigin Ɗanmaraya, wato tsayayyen kari, ya tsallako zuwa wannan zamani. Hali na biyu, barin karin a bi murya sannan a dawo, yana bukatar mai waƙa da mai kiɗa su zama mutum ɗaya, ko aƙalla su saurari juna a lokaci guda, kuma tsarin situdiyo, inda ake gama kiɗa kafin mawaƙi ya shigo ɗaki, bai bar wa wannan wuri ba.

Masu kaɗa kuntigi a yau kaɗan ne, kuma da yawansu waƙoƙinsa suke maimaitawa, sun riƙe karin buɗewa, suna sassauta rakiyar da ke cikin ɗiya saboda ita ce mai wuya. Abin da ya rage cikakke shi ne muryoyin da aka ɗauka: faya-fayan kamfanoni, da zarurrukan ɗakunan ajiya na gidajen rediyon Kaduna da Jos da Kano, da kaset-kaset ɗin da ke hannun masu sha'awa. Waɗanda suke yawo a wayoyi da intanet galibi kwafin kwafi ne, an matse su har amon zobban nan ya gauraye da na tsirkiya, wasu ma an yanke musu kiɗan buɗewa don a rage nauyi. Sassan nazarin Hausa suna da ɗaliban da suka iya rubuta matani, sassan kiɗa da wasan kwaikwayo suna da waɗanda suka iya rubuta sauti, kuma waƙa guda kamar Gulma-Wuya, idan aka jera muryarta a layi ɗaya da tsirkiyarta a layin ƙasa, ta isa kundin digiri na biyu.